Mita 49 ta Baffa da lasifikar masallacinmu

Baffana tela ne. Ya haura shekara 40 yana ɗinki a Briqueterie, kuma tun ina yaro na san shi da abu biyu a gabansa: keken ɗinki da wata tsohuwar rediyo mai ɗaurin roba a bayanta. A fuskar rediyon akwai lambobi a jere, 16, 19, 25, 31, 41, 49. Da su ya ji juyin mulkin ƙasashe, da su ya ji rasuwar manyan malamai, da su yake jin Kaduna da London yana zaune a tsakiyar Yawunde.

Wata ranar Asabar na je gaishe shi, yana ta murɗa rediyon tana shuu, sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai Malam ƙarami, tunda ka yi makarantar horon malamai, gaya mini. Wannan mita da ake ta cewa, mita 49, mita 16, mitar mene ne? Ni dai mitar da na sani ta yadi ce. Su me suke aunawa?"

Na gyara tsayuwa na fara zuba masa abin da na haddace tun ina lise, su firekans da longer dond da harafin lamda. Ya bari har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, da Hausa fa na tambaye ka."

Ranar na koma gida da kunya. Na ci jarrabawa da wannan lissafi, na taya yaran unguwa bitarsa da dare in bakaloriya ta matso, amma ashe haddarsa na yi kamar yadda su ma suke yi. Kuma na san yara nawa ne a Brik suka tsere wa ajin kimiyya saboda irin wannan, suna ganin abu ne na wasu mutane da ake faɗa da wani harshe, bai shafi layinmu ba.

Amsar kuwa tana nan a shagon Baffa, ƙarƙashin hannunsa. Duk tela ya san akwai abin da ake murɗawa a keke don ɗinki ya yi fāɗi ko ya yi ƙanana. A ce tazarar kowane ɗinki milimita 5 ce, allura kuma tana soka yadi sau 10 a sakan ɗaya. To yadin zai riƙa tafiyar santimita 5 a kowane sakan. Yanzu a rage tazarar ta koma milimita 2 da rabi, amma a ce dole yadin ya ci gaba da tafiya da saurinsa na ɗazu. Babu makawa sai allurar ta ninka, ta soka sau 20. Yawan suka, a ninka shi da tazarar ɗinki, shi ne saurin yadi.

Haka sauti da haske suke. Dukansu tafiya suke yi igiya-igiya, kamar yadda ruwa ke yi in yaro ya jefa dutse a tafki. Nisan da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da mai bi masa shi ne tsawon zango. Adadin tudun da ke wucewa ta gabanka a sakan ɗaya shi ne yawan bugu, ana ƙirga shi da haz. In ka ninka yawan bugu da tsawon zango, sai ya ba ka saurin tafiyar igiyar. Abin da ya sa lissafin ke da daɗi shi ne igiya ba ita ke zaɓa wa kanta sauri ba, abin da take ratsawa ne ke yanka mata shi. A cikin iska sauti na tafiyar kimanin mita 340 a sakan, na siririyar murya da na kakkaura duk ɗaya. Haske da igiyar rediyo kuwa, waɗanda asalinsu abu guda ne, suna cin kusan kilomita 300,000 a sakan. Tunda saurin a ɗaure yake, duk lokacin da bugu ya ƙaru sai zango ya gajarce, in bugu ya ragu zango ya miƙe.

Kalmar zango ma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Masu rediyon Hausa sun daɗe suna cewa gajeren zango da matsakaicin zango, kuma duk wanda ya fara zaɓo wannan kalma daga bakin fatake ya iya zaɓe.

Ga yadda na koma na yi wa Baffa lissafin da alli a kan teburin yankansa. Megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a sakan. Ka raba 300 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon zango da mita. Rediyon Tarayya na Kaduna an san shi a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09. Raba 300 da 6.09, ka sami 49 da 'yan kai. Ga mita 49 ɗinsa nan. Igiyar da ke ɗauko masa muryar Kaduna, daga tudu zuwa tudu, mita 49 ce, irin mitar da yake auna shadda da ita. Mita 16 kuwa tana wajen megahaz 17 zuwa 18, mita 25 tana kusa da 12.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To na FM da yaran nan ke cewa mita 94 fa? Ita ta fi tsawo ke nan?"

Nan ne bakinmu ya ruɗa mu. Lambar FM ba mita ba ce, megahaz ce. Tashar FM 94 ta nan Yawunde tana bugu miliyan 94 a sakan, zangonta mita 3 ne da kusan santimita 20. Babbar tashar CRTV ta ƙasa da muke kamawa a 88.8 zangonta mita 3 da santimita 38. A Kano ma za ka ji ana cewa Freedom Radio tana kan mita 99.5, alhali zangonta bai wuce mita 3 da kaɗan ba. Sabo ne ya biyo mu daga zamanin gajeren zango, kalmar ta zauna, ma'anarta ta juye. Ban ce a daina faɗa ba, harshe ba ya jin umarnin malamin makaranta. Amma yaron da zai zauna jarrabawa ya kamata ya san cewa in lambar FM ta hau, zango sauka yake yi.

Sunan haz ɗin ma na mutum ne, Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a birnin Karlsruhe tsakanin 1887 da 1888, wato daidai shekarun da 'yan ƙasarsu ke kafa sansaninsu a nan Yawunde. Ya rasu a 1894 yana da shekara 36, kusan sa'ana. Bai taɓa jin ko kalma ɗaya ta rediyo ba.

Tsawon zangon shi ne kuma ya raba halin tashoshin biyu. Can sama da mu, daga wajen kilomita 100 zuwa 400, akwai wani sashen iska da zafin hasken rana ya cika da lantarki. Igiyar gajeren zango in ta kai can sai ta tanƙwaro ta dawo ƙasa, ta faɗo nesa da dubban kilomita. Haka muryar sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ta riƙa iso wa iyayenmu, galibi ta tashar da ke tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atlantika. Igiyar FM kuwa huda wannan sashe take yi ta wuce sararin samaniya, don haka sai inda eriya ke hange kawai take isa. Shi ya sa aka kai eriyoyi kan dutsen Mbankolo, shi ya sa kuma in ka hau jirgin ƙasan Ngawundere ba ka daɗewa tashar da kake ji ta shaƙe. Baffa ya san cewa da rana mita 16 da 19 ke kamawa, da dare sai a gangaro 41 da 49. Bai san dalili ba, amma kunnensa ya gano abin da masana suka auna: da rana ƙasan wancan sashe na shanye igiyoyi masu ƙarancin bugu, da dare kuma sai ya sake su.

Da a rediyo maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya faru a masallacin layinmu cikin azumin da ya wuce shi ya nuna mini cewa rashin sanin wannan ɗan lissafi na iya haɗa mu faɗa da mutanen da muke zaune lafiya da su.

Masallacin ƙarami ne, ɓangaren mata yana baya, bango ya raba. Mata suka yi ƙorafin ba sa jin tafsiri. Aka yi karo-karo aka sayo manyan akwatunan lasifika biyu, irin na gidan biki, aka jingina su a ɓangaren maza, aka ƙure murya. Bayan kwana uku matan suka ce yanzu kam suna jin ƙara har cikin ƙirji, amma ba su san me Malam ke cewa ba. A rana ta biyar maƙwabciyarmu ta bayan masallaci, Kirista ce, ma'aikaciyar jinya da ke kwana wurin aiki ta yi barci da rana, ta zo da ladabinta ta ce gum-gum ɗin ya hana ta runtsawa, har kwanon rufinta rawa yake yi. Shekara da shekaru tana jin kiran salla ba ta taɓa cewa uffan ba. Wasu matasa suka fara ɗaga murya, wai ana son a hana mu addini. Ni dai gabana ya faɗi, don mu a garin nan ba mu da yawa, kuma irin wannan ƙaramar magana ce ke girma ta kai gaban hukuma.

Mu yi lissafin. Kaurin muryar babban mutum yana wajen haz 100. Raba 340 da 100, zango ya kama mita 3 da santimita 40. Amma abin da ke bambanta harafi da harafi ba a nan yake ba. Sin da shin, fa da sa, ta da ka, duk bambancinsu yana can sama, daga haz 2,000 zuwa 4,000 har gaba. A haz 4,000 zango santimita 8 da rabi ne, bai kai tsawon tafin hannu ba. Ita kuwa igiya halinta ke nan: in ta tarar da abin da bai kai zangonta girma ba sai ta kewaye shi ta wuce, in ya fi zangonta girma sai ya tare ta. Bangon bulo da kwanon rufi ma sun fi iya tsare siririn sauti a kan kakkaura. Saboda haka kaurin muryar Malam ya bi ta ƙofa, ya haura katanga, ya ratsa bango, ya isa wurin mata ya zarce har ɗakin maƙwabciya. Haruffan kuwa, waɗanda su ne karatun, suka daki bango suka tsaya a ɓangaren maza. Duk ƙarin muryar da aka yi, gurnanin aka ƙara wa waɗanda ke baya.

Kowa ya san wannan ko bai san sunansa ba. In ana biki can wajen Tsinga, dum-dum ɗin ganga kawai ke iso mana, waƙar ba ta zuwa. In aradu ta faɗi kusa, tas take yi kamar an tsaga katako, in ta yi nisa sai rugugi, domin iska ta shanye siraran sautukan a hanya. Kamfanonin tarho ma sun daɗe da gane cewa daga haz 300 zuwa 3,400 ya isa a fahimci magana, sai suka yar da sauran.

Bayan sallar la'asar na sami shugaban kwamiti na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a ba ni kwana ɗaya in gwada wani abu, in bai yi ba a mayar yadda yake." Ya dube ni kamar zai ce yaro ya san me, sai Liman ya sa baki, "A bar Malam ya gwada." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na gode." Muka murɗe maɓallin kauri a jikin na'urar ya koma ƙasa, muka rage muryar gaba ɗaya, muka kashe akwati ɗaya. Wani yaro mai gyaran rediyo ya ja waya ta saman bango, muka rataya ƙaramar lasifika guda a ɓangaren mata, tana fuskantar su. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe a manyan ba.

Washegari matata ta dawo tana ba ni labarin abin da aka fassara, har da inda Malam ya yi tuntuɓen harshe ya gyara. Maƙwabciya kuma ta aiko da gaisuwa ranar salla.

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Har yau akwai dattijon da ke ganin mun rage wa masallaci kwarjini, a wurinsa ƙara ita ce ɗaukakar addini. Ina girmama shi, amma ban yarda da shi ba. Ƙarfin sauti daban, kaifinsa daban. Ƙarfi shi ne girman tudun igiya, kaifi shi ne yawan bugunta, kuma mai sauraron tafsiri kalmomi ya zo ji. Mu Hausawa ma bai kamata a koya mana wannan ba, tunda harshenmu a kan hawa da saukar murya ya ginu. Wuya ta jiki da wuya ta wahala haruffansu ɗaya, yawan bugun maƙogwaro ne kawai ya raba su. Mai kalangu in ya matse tsarkiya a hammata fatar ta ɗaure, bugunta ya ƙaru, sautin ya hau, da haka yake kiran sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Kakaki kuma don ya fi mai busa shi tsawo ne yake da wannan kauri, sarewa don gajarta take da zaƙi.

Wannan lissafi bai tsaya a kunne ba, yana shiga har lokutan sallarmu, ta hanyar haske. Abin da ido ke kira launi, tsawon zango ne. Sai dai zangon haske ƙanƙane ne ƙwarai: sai an jera na jan haske kusan 1,400 kafin a cika milimita ɗaya, na shuɗi kuwa sama da 2,000. Raba saurin haske da wannan ɗan mitsitsin zango, za ka ga jan haske na bugu sama da tiriliyan 400 a sakan. A 1871 wani Bature ɗan Ingila da aka fi sani da Lord Rayleigh ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin da ke cikin iska sun fi warwatsa haske mai gajeren zango, shuɗi ya ninka ja wajen sau biyar. Da rana wannan shuɗin da aka warwatsa shi ke cika sama. Da almuru kuwa hasken na ratso iska mai nisa a kwance, shuɗin ya zube a hanya, ja ya iso. Shi ne jan shafaƙi, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya ɓacewarsa ke nuna shigar lokacin isha'i. Da yake Yawunde na kusa da tsakiyar duniya, rana a tsaye take nutsewa, jan ba ya daɗewa. Wanda ya taɓa yin azumi a Faransa lokacin zafi ya san yadda nasu ke jan ƙafa.

Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa malaman Musulunci sun yi aiki a wannan fage. Ibnul Haisam, haifaffen Basra a 965, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira, ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Bayansa da kusan shekara 300 Kamaluddin al-Farisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi yadda haske ke karyewa a ciki, ya bayyana bakan gizo. Amma ba na ƙara musu gishiri. Su ba su auna zangon haske ba, Thomas Young ne ya yi haka a Ingila a farkon shekarun 1800. Yaro in ka yi masa ƙari a tarihi, ranar da ya gano sai ya zubar da gaskiyar tare da ƙarin.

Karyewar hasken ma lissafin nan ne. A cikin ruwa saurin haske na sauka zuwa kimanin kilomita 225,000 a sakan. Yawan bugu ba ya canzawa, don haka zango ne ke tsukewa, wannan tsukewa ita ke sa cokali ya zama kamar ya karye a cikin kofin ruwa.

Akwai kuma wanda ya gajarce har ido ba ya ganinsa, gaba da shuɗi. Bugunsa ya fi yawa, kuma a haske yawan bugu na tafe da ƙarfin ƙuna. Irinsa ke fita daga wutar walda. Iyaye, yaran da ke tsayawa kallon masu walda a bakin titi in an taso makaranta, su ne ke farkawa tsakar dare suna kuka kamar an zuba musu yashi a ido. Na ga haka a ajina fiye da sau ɗaya. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya maye gurbin gilashin walda, ga masu koyon sana'ar ma haka.

Makon jiya na sake leƙawa shagon Baffa. Na gaya masa cewa eriyar da ake zarowa a jikin rediyo an yi ta ne daidai da kusan rubu'in zangon FM, wato in zangon mita 3 da santimita 20 ne, eriyar ta kama santimita 80. Bai ce komai ba. Ya zare eriyar har ƙarshe, ya ciro tef ɗin awo daga wuyansa, ya ɗora tun daga gindi.

"Saba'in da shida," in ji shi. "Sun cinye huɗu. Ashe su ma halinsu ɗaya da masu sayar da yadi."

Ya mayar da tef ɗin wuya, ya murɗa zuwa mita 16, don lokacin labaran rana ya yi.